Fasassun Tayil a Cikin Sifikokin Alhaji Malami

Sufeto Jelani yana ofishinsa yana fama da fankar tebur da ta ƙi juyawa, sai ya ji dariya daga wajen kanta. Ba dariyar hira ba ce. Irin wadda ake yi wa mutum ce yana tsaye yana ji. Ya ajiye fankar ya fito.

Wani dattijo ne tsaye a gaban kanta, dogo, cikin farar riga da baƙin tabarau, da sanda a hannunsa. Kusa da shi akwai wata mata cikin kayan ma'aikatan jinya, ta yafa mayafi, kanta a sunkuye kamar ita aka kawo ƙara.

"Saja Auwalu, mi ya faru?" in ji Sufeto.

Saja ya haɗiye sauran dariyarsa. "Yallaɓai, Baba ne ya kawo ƙarar sata. Ya ce an sace mishi sifikokin falo. Ita kuma ɗiyarshi ta ce sifikokin suna nan inda suke, ba abin da ya taɓa su."

"Suna nan, kuma an sace su," in ji dattijon.

Muryar ce ta tsayar da Jelani. Murya ce mai kauri, mai fitar da kowane harafi a cike. Ya san ta tun yana yaro, lokacin da mahaifinsa ke hana kowa motsi idan an fara labaran rana a rediyo.

"Ranka shi daɗe, ba Alhaji Malami Tambari ba ne, mai karanta labarai?"

"Shi ne, abin da ya rage daga cikinsa."

Jelani ya harari Saja, ya kama hannun dattijon da kansa ya kai shi ofis.

Alhaji Malami ya ba da labarinsa a tsare, kamar yana gaban makirfo. Ciwon suga ya tafi da idanunsa bayan ya yi ritaya. Babban ɗansa Ibrahim, da ke aiki a Abuja, ya kawo masa manyan sifikoki guda biyu daga wata tafiya da ya yi ƙasar waje. Tun daga lokacin falo ya zama duniyarsa: karatun Alƙur'ani da safe, labarai da rana, tsofaffin kiɗe-kiɗe da yamma.

"Watan da ya wuce na ce zan ƙara gyara," in ji shi. "Tsohuwar risiba, wato akwatin da ke tura sauti zuwa sifikoki, ba ta karɓar waya, ba ta shiga da sabuwar talabijin. Na kira wani mai shago, Sirajo. Ya ce in zubar da komai in sayi sabon hom-tiyata na kwali ɗaya. Na ce a'a. Biyun nan na gaba su ne gidan, sauran duk ado ne. Muka sauya risiba, muka ƙara wufa don ƙasa-ƙasan sauti, da 'yar ƙaramar sifika ta tsakiya don muryar masu magana. Sufeto, da aka gama, in aka buga ganga sai ka ji ta a ƙirji."

"Daga nan fa?"

"Muka je Wurno ta'aziyya, muka wuni. Da na dawo na kunna, sai na ji kamar an sa wa makaɗin bargo a ka."

Jelani ya dubi matar. "Ke fa, mi kika ji?"

"Sunana Saudatu, yallaɓai. Ni dai ina jin sauti yana fita," in ji ta. "Gaskiya ba don sifika na biyo shi ba. Ya ce in ban kawo shi ba zai tari keke shi kaɗai. Maganar ta riga ta yi nisa a gida. Mu'az, ɗan ƙanwar Baba, shi ke zaune tare da shi a ɗakin zaure. Ya gaya wa Yaya Ibrahim Baba ya fara ruɗewa, yana jin abin da babu. Yaya zai zo ranar Lahadi ya tafi da shi Abuja."

"A kai ni bene in zauna kamar tsohuwar kujera," in ji Alhaji. "Ban san kowa ba can, ban san hanyar masallaci ba."

"In an tafi da kai, wa zai zauna gidan?"

"Mu'az," in ji Saudatu.

Jelani ya ɗauki hularsa.

Gidan yana Gidan Dare, bayan wani layi na masu sayar da katin waya da lemun kwalba. Falon ba shi da girma sosai, amma an tsara shi da hankali. Kujerar Alhaji na tsakiya daidai. Dogayen sifikoki biyu na katako mai duhu suna tsaye hagu da dama na talabijin, kowace an ɗan karkato ta wajen kujerar. Wufa na kusurwa, risiba na kan kanta.

Suna shiga wani matashi ya biyo su da sallama, cikin shadda mai sheƙi, makullin mota a yatsa.

"Kawu, har caji ofis? Haba Kawu." Ya juya wajen Jelani ya rusuna. "Ranka shi daɗe, ni ne Mu'az. A yi haƙuri, an ɓata muku lokaci. Tsufa ne."

"Za mu gani. Alhaji, kunna mana."

Dattijon ya lalubi rimot ba tare da kuskure ba. Kiɗan kalangu da ganga ya cika falon. Jelani ya saurara. Shi dai a kunnensa babu laifi, ya ma fi rediyon motarsa nesa ba kusa ba. Ya ji ransa ya ɗan sosu, don ya riga ya ba dattijon gaskiya tun kafin ya ga komai.

"Ɗora tafinka a gefen akwatin," in ji Alhaji. "Da, in gangar nan ta sauka, katakon yakan yi rawa a hannu. Yanzu fa?"

Jelani ya ɗora. Katakon shiru yake kamar ƙofa.

"A ɗaga a ji nauyi mana," in ji Mu'az. "In da an cire wani abu ai da ta yi sakayau."

Saja Auwalu ya rungumi sifikar hagu ya ɗaga da ƙyar. "Da nauyi, yallaɓai."

Amma da ya ajiye ta, Jelani ya ji wani abu ya motsa a ciki, ƙaras, kamar an taɓa kwano. Ya durƙusa ya zare ragar gaba. Ya haska fitilar wayarsa a kan notocin da ke riƙe da ƙwayar sifikar. Baƙin fentin kansu ya kankare, ƙarfen yana ƙyalli.

"A ba ni sukundireba."

"Ranka shi daɗe, in aka buɗe ta lalace wa zai biya?" in ji Mu'az. "Kayan waje ne."

"Kayana ne," in ji Alhaji. "A buɗe."

Ƙwayar ta fito a hannun Jelani kamar faifai, ba nauyi. Baƙar takarda ce, da ɗan maganaɗisu a baya wanda bai fi murfin kwalba girma ba sosai. Ya zura hannu cikin ramin, ya jawo wata leda da aka ɗaure da tsumma. Ya kwance ta a kan darduma. Fasassun tayil ne, kore mai ratsin ruwan zinari.



"Mi kuka gani?" in ji Alhaji. "Ku gaya mini."

Saudatu ce ta amsa, amma ba da bayani ba. Ta durƙusa gaban kujerarsa ta kama ƙafarsa tana kuka. "Baba, ka yafe mini. Wallahi na ɗauka kunnenka ne."

Dattijon ya ɗora hannu a kanta. Ƙirjinsa ya ɗago.

Ta dama ma haka aka same ta. Jelani ya koma ya bi bakin ramin ta hagu da yatsa, ya ji wani guntun roba manne da katako, ragowar zoben da ke zagaye bakin ƙwayar asali. Wanda ya cire ta ya fizga da gaggawa har ya yage. Ya ɓamɓare guntun a hankali ya sa a ambulan.

"Sirajo!" in ji Mu'az da ƙarfi. "Ashe shi ne. Wa ya san cikin abin ga in ba shi ba? Ni ko batirin rimot ban iya canzawa."

"Ranar da suka je Wurno kana ina?"

"Ni na tuƙa su. Muna tare har muka dawo."

"To madalla," in ji Jelani. Ya sa Saja ya ɗauki sifikar hagu da ledar tayil zuwa mota.

Shagon Sirajo yana wajen Ƙofar Atiku, tsakanin mai ɗinkin hula da mai gyaran janareta. Kwalaye ne har rufi. Shi kansa gajere ne mai faɗin kafaɗa, da tabarau a goshi. Yana cikin yi wa wani mai saye bayani.

"Kar ka bi lambar wat da aka rubuta a kwali, ƙarya ce rabinta. Faɗa mini girman falonka tukun."

Da ya ga kakin Saja, sai ya katse bayanin. Mai sayen ya sulale.

"Kai ka yi wa Alhaji Malami aiki?" in ji Jelani.

"Awo, yallaɓai. Risiba da wufa da ta tsakiya."

"Bayan ranar ka koma gidan?"

"Ban koma ba."

"Ka tabbata? Don a mota Alhaji ya kira ni ya ce ka koma bayan kwana biyu, ka ce za ka duba waya, ka daɗe a bayan kanta kana kankare wani abu. Makaho ne, ba kurma ba."

Zufa ta keto wa Sirajo. Ya cire tabarau ya mayar.

"Yallaɓai, zan faɗi gaskiya. Risibar 'yar kwatano ce. An yi amfani da ita kaɗan a waje, na ce mishi sabuwa ce. Akwai takardar tsohon mai ita manne a baya, ita na koma cirewa. Amma wallahi lafiyarta lau, ta fi sababbin da ke kasuwa."

"Wannan laifi ne, za mu zo kanshi. Sifikokin fa?"

"Waɗanne?"

Saja ya shigo da akwatin ya ajiye, ya ɗora baƙar ƙwayar a kai. Sirajo ya dube ta, ya dubi ramin, sai ya dafe kai.

"Innalillahi. Ina na asalin? Masu rawayan baki, saƙaƙƙu kamar tabarma? Yallaɓai, duk garin ga ban taɓa ganin irinsu ba. Wannan ta rediyon mai shayi ce."

"An ce kai ka musanya."

Maimakon ya rantse, Sirajo ya jawo wayoyin da ke rataye cikin ramin ya kai su haske.

"Duba nan. An murɗa waya da hannu an naɗe da salatif. Ni da dalma nike haɗawa, ga kayan aikina can, a je a buɗe duk aikin da na taɓa yi. Sannan ja an sa ta gurbin baƙa. Ta dama fa, haka take?"

Jelani ya tuna. "A'a. Can ja na kan ja."

"Shi ke nan. Ɗaya na tura iska waje, ɗaya na ja ciki, suna kashe juna. Shi ya sa ganga ta ɓace gaba ɗaya, wufa kaɗai ke ta fama. Da ni na yi satar ga, da na haɗa daidai, don kar a gane da wuri."

Jelani bai nuna ya gamsu ba, amma maganar ta zauna masa.

"Wanda ya ɗauki irin waɗannan ƙwayoyi, mi zai buƙata kafin su yi mishi amfani?"

"Akwati daidai bakinsu, da amfilifaya mai ƙarfi. Ƙaramar na'ura ba ta iya tuƙa su." Ya tsaya, idonsa ya buɗe. "Yallaɓai, kwanan baya wani ya zo nan ya sayi babbar amfilifaya. Ya ce manaja ne na wani sabon gidan kallon ƙwallo a Runjin Sambo. Na ce wace sifika za ka haɗa, don in ba ka wadda ta dace? Ya ce ogansu zai kawo daga Legas. Na ce mi ne ƙarfinsu? Bai sani ba. Na yi mamaki, don mutane sifika suke fara zaɓa, sannan su nemi abin da zai tuƙa ta."

"Kar ka bar gari," in ji Jelani.

Washegari da hantsi ya samu Saudatu a asibitin da take aiki, ta fito ta same shi ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro.

"Ranar Wurno, Mu'az na tare da ku duk wunin?"

"Shi ya kai mu," in ji ta. "Amma bai zauna ba. Ana gama gaisuwar farko ya ce mota na zafi, zai kai ta wurin makanike. Sai bayan la'asar ya dawo. Har Baba ya yi faɗa."

"Jiya ya ce kuna tare, ba ki ce komai ba."

"Ina kuka ne, yallaɓai, ban ma ji ba."

"Wa ke da makullin falo?"

"Ni da Baba. Amma ranar Mu'az ya karɓi na Baba ya rufe ƙofa, ban ga ya mayar ba sai da muka dawo."

"Wace sana'a yake yi?"

"Ya ce sun haɗa hannu da abokai a wata harka. Bai taɓa gaya mana ko mece ce ba." Ta dube shi, fuskarta ta sauya. "Baba ne ya riƙe shi tun rasuwar Gwaggo. Shi ya yi mishi makaranta."

"Ban ce komai ba tukun. Kar ki gaya wa kowa mun yi magana."

Ranar Asabar da rana Jelani ya cire kaki, ya sa riga da hula, ya hau keke zuwa Runjin Sambo. Takardar izinin bincike na aljihunsa. Bai sha wahalar gane wurin ba. Babura sun cika ƙofa, an kafa allo an rubuta wasannin ranar da alli, kuma tun daga titi ana jin ihun 'yan kallon filin wasa kamar a bayan katangar ake buga ƙwallon.

Ya biya kuɗin shiga, ya ɗaga labule. Kafin ya dubi talabijin, ƙasa ya duba. Sabon tayil ne shimfiɗe daga ƙofa har bango, kore mai ratsin ruwan zinari.

Ya zauna a bencin baya. Gaba, hagu da dama na babbar talabijin, akwai akwatuna biyu na katakon kafinta, an shafe su da baƙin fenti, an rufe gabansu da yadi. Ba su da kyan gani ko kaɗan. Amma duk lokacin da aka buga ƙwallo, sai ya ji dukan a cikinsa.

"Sautin wurin ga ya yi," ya ce wa na kusa da shi.

"Ai shi ya sa duk muka baro sauran wurare. Oga Mu'az ya san kan kaya."

Jelani ya fita ya zaga bayan ginin. Ragowar tayil na nan tare a gindin katanga, gutsattsari irin na cikin ledar. Ya kira Saja Auwalu.

"Ka ɗauko Alhaji da ɗiyarshi. Ka biya Ƙofar Atiku ka ɗauko Sirajo da kayan aikinshi. Ka zo da mutum biyu."

Ana hutun rabin lokaci Mu'az ya iso, yana gaisawa da mutane, ana ce masa oga. Yana tsakiyar ɗakin labule ya ɗaga, Alhaji Malami ya shigo riƙe da kafaɗar Saudatu.

Dattijon ya tsaya cak. A talabijin ana maimaita ƙwallon da aka ci, mai sharhi na ihu, ganguna na tashi daga cikin 'yan kallo. Ya saki kafaɗar 'yarsa. Ya bi tsakanin bencina da sandarsa, samari na janye ƙafafu, har ya kai gaban akwatin hagu. Ya ɗora tafinsa a kan katakon.

"Ga su nan," ya ce. Bai ɗaga murya ba, amma har bencin baya an ji. "An sa su cikin akwatin da ya yi musu kaɗan, an matse su da bango. Amma su ne."

"Kawu, mi ya kawo ka nan?" in ji Mu'az. Sai ya ga Jelani ya miƙe daga bencin baya, ya ga Saja a ƙofa.

"Wurinka ne wannan?" in ji Jelani.

"Na abokina ne, ina dai taimaka mishi."

"Kowa a nan oga yake ce maka. A kashe talabijin."

Samari suka fara gunaguni. Jelani ya ɗaga katin aikinsa da takardar izini, gunagunin ya mutu. Ba wanda ya fita. Wasan da ke gabansu yanzu ya fi na talabijin.

Sirajo ya yaye yadin gaban akwatin. Rawayan bakin ƙwayar ya bayyana, saƙaƙƙe, yana sheƙi.

"Daga Legas na saye su," in ji Mu'az. "Kamfani ɗaya ya yi su? Akwai irinsu dubu a duniya."

"Kai da ko batirin rimot ba ka iya canzawa?"

"Aiko mini aka yi."

"Ranar Wurno ka ce kuna tare har dare. Ina ka je da mota?"

"Wurin makanike."

"Wane? Mu aika a kira shi."

Mu'az ya kau da kai. Jelani ya nuna ƙasa da yatsa.

"Tayil ɗin da ke ƙarƙashin ƙafarka fa? Irinshi muka samu cikin sifikokin kawunka."

"Ana sayar da shi a kasuwa. Kowa na iya saye."

"Gaskiya ne," in ji Jelani. "Sirajo, kwance ta hagu."

Sirajo ya kwance notocin a hankali, ya fito da ƙwayar da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa sun tashi don nauyin maganaɗisun. Ya kifa ta a kan benci. Zoben roba ya zagaye bakinta, sai wuri ɗaya da ya yage ya bar giɓi mai karkataccen baki.

Jelani ya buɗe ambulan, ya fito da guntun robar da ya ɓamɓaro a falon Gidan Dare. Ya ɗaga shi kowa ya gani, sannan ya ɗora a giɓin. Ya zauna daram, ko gashi ba zai ratsa ba.

Ɗakin ya ɗauki "Kai!" baki ɗaya.

"Wannan ma a kasuwa ake sayarwa?" in ji Jelani.

Mu'az ya ja da baya. Ya zauna a kan benci, ya cire hula ya riƙe.

"Ni na cire," ya ce. "Na ajiye su Wurno na dawo da makullin. Wuraren kallo sun yi yawa a unguwar ga, in ba ka fi su sauti ba, ba mai zuwa. Ranar da Sirajo ya gama aiki na ji yadda falon ya koma, sai na kasa barci. Na ce Kawu ba ya gani, ga wufa an ƙara, ba zai gane ba. Na sa tayil don nauyi."

"Da ya gane fa?"

Mu'az ya murza hular da ke hannunsa.

"Da ya gane fa?" Jelani ya maimaita.

"Na kira Yaya Ibrahim na ce ya fara ruɗewa. Na ce in an tafi da shi Abuja maganar ta mutu." Ya share fuska. "Kuma gidan zai zauna hannuna."

Saudatu ta yi kansa, Saja ya tare ta. Alhaji Malami ya juyo da fuskarsa wajen da muryar ta fito.

"Mu'azu, da ka roƙe ni, da wataƙila na ba ka aro ranar babban wasa, in zo in zauna a gaba in ji daɗi tare da ku. Kayan ba su dame ni ba kamar yadda ka sa 'ya'yana suna yi mini magana a hankali, kamar mai jinya. Hankalina ka so ka sace."

"Kawu, ka yafe mini."

"Wannan sai na huce. Yanzu dai ka bi Sufeto."

Saja ya sa masa ankwa. Samarin da ɗazu ke ce masa oga suka buɗe hanya, ba wanda ya dube shi da tausayi. Aka fita da shi ta tsakanin babura zuwa ɗaya daga motoci biyun da ke jira.

Saudatu ta riga ta kira Abuja. Ta sa wayar a kunnen mahaifinta.

"Ibrahim," in ji Alhaji, "ka zo gobe kamar yadda ka shirya. Amma kar ka kawo babbar jaka, ba inda za ni. Ka zo ka ci tuwo ka ba ni haƙuri."

Sirajo ya matso yana murza hannu. "Alhaji, maganar risiba..."

"'Yar kwatano ce. Na sani tun ranar, maɓallin ƙara sauti ya yi santsi da hannun wani. Na yi shiru ne don tana da kyau. Za ka mayar mini da ƙwayoyina da dalma, ka gyara zoben da aka yaga, sannan ka je ka yi wa Sufeto bayanin ƙaryarka."

"Sai an kai su ofis an ɗauki hoto an rubuta tukun, ranka shi daɗe," in ji Jelani. "Shaida ce. Amma ni da kaina zan roƙi a sake maka su da wuri."

"To ni zan kai su."

Haka kuwa aka yi. Ya ƙi yarda a sa su a bayan mota. Ya zauna gaba kusa da direba, aka naɗe ƙwayoyin biyu da mayafin Saudatu aka ɗora masa a cinya, ya rungume su. Jelani ya matsa a kujerar baya tare da ita. Da motar ta tashi, samarin gidan kallon suka biyo ta har bakin titi suna tafi, suna "Sai Baba! Sai Baba!"

"Direba, a hankali da ramuka," in ji Alhaji. Sannan ya ɗan juyo da kai baya. "Sufeto, kai mi kake saurare da shi a gida?"

"Sifikar jikin talabijin, ranka shi daɗe."

"Subhanallahi. Babban ma'aikaci kamarka? To saurara. Kar ka fara da guda biyar, ka fara da biyu masu kyau. Kuma kar ka sayi komai sai ka kai ni shagon na ji da kunnena."